Rasuwar Shofo Mai Dumama Ruwan Gidan Ɗanmaliki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Ɗanmaliki mai sayar da bandar kifi a Bagudo yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan gida da na Bahindi da Matsinkai har da na tsallaken iyaka, rasuwar na'urar dumama ruwan gidansa, wadda kowa ya fi sani da Shofo. Ta rasu ranar Talata da hantsi a jikin bangon banɗaki, inda ta yi duk zamanta, bayan gajeriyar rashin lafiya da saran gatari. Gatarin na gidan ne, hannun da ya ɗaga shi ma na gidan ne.

An san akwai masu dariya. Su yi abarsu. Abin da ya sa aka fitar da wannan sanarwa shi ne maganar da ke yawo a bakin kogi da rumfunan kasuwa, wai marigayiya muguwa ce, ta ci amanar gidan da ya riƙe ta. Ba ta da bakin kare kanta, don haka dole wani ya faɗi yadda aka yi.

Marigayiya ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ta shigo ta kasuwar Dole Kaina cikin kayan gwanjon da ake ƙetarowa da su daga Benin. Farin akwatin ƙarfe ce da bai fi a rungume shi ba, da ɗan tabo a kafaɗarta ta hagu, da wata 'yar taga a ƙirji inda ake hango wutarta. Mai sayarwa ya ce a wajensu shofo ake kiran irinta, sunan kuwa ya bi ta har ranar da ta bar aiki.

Dalilin zuwanta Mero ce, matar Ɗanmaliki, Allah ya jiƙanta. Duk kifin da ya sa aka san sunan Ɗanmaliki a kasuwa ta hannun Mero ya bi. Tun tana amarya take tsaye a kan banda, tana juya tarwaɗa da ragon ruwa, hayaƙi yana shiga idonta da ƙirjinta, tana share hawaye da gefen zane. Da tari ya kama ta ya ƙi saki, likita ya ce ko hayaƙin turare kada ta ƙara shaƙa. Aka raba ta da banda, amma ba a raba ta da murhu ba, domin duk wanda ya kwana kusa da kogi a watannin sanyi ya san ruwan randa da asuba ba na mai ciwon ƙirji ba ne. Wata safiya Ɗanmaliki ya dawo daga masallaci ya same ta durƙushe tana hura ɗanyen itace, tari ya sarƙe ta har ta dafa ƙasa. Ranar kasuwa ta zagayo, ya dawo da Shofo a naɗe cikin buhu.

Bunyaminu mai haɗa famfo ne ya kafa ta. Ya ja mata ruwa daga tankin da ke sama a tsakar gida, ya haɗa ta da tukunyar gas da ya ajiye a waje, sannan ya fasa bango can sama ya zura bututun kwano daga kanta zuwa waje ta bayan gidan. Ya kuma datse ƙofar banɗakin daga ƙasa, ya bar sararin da ɗan tsako zai iya wucewa. Mero ta yi ƙorafin an ɓata mata ƙofa. Bunyaminu ya ce, "Inna, wagga aba numhwashi taka yi awa mutum. Ta ƙasan ƙohwa taka jan iska, ta bututun ga taka hidda hayaƙi. In kunka toshe ko ɗaya kun shaƙe ta, kuma ba ita ɗai za ta mutuwa ba." Mero ta ji, Ɗanmaliki ya ji. Su biyu kaɗai ne a wurin.

Halayen marigayiya ba sa buƙatar ƙari. Ba ta da haɗama ko kaɗan. Ba ta cin gas sai an buɗe famfo, ana rufewa kuma ta yi shiru. Maganarta duka ba ta wuce uku ba: tak-tak-tak in an tashe ta, bum in wuta ta kama, sai wani siririn huuu da take yi muddin ruwa na gudu. Wutarta shuɗiya ce tsaf, ba ta taɓa baƙanta bango ba. Mero ce ta ƙara mata tarbiyya. Ta sa aka shafa wa tankin baƙin fenti don rana ta yi rabin aikin kafin ruwa ya sauko. Da bazara ta murɗa makunnin ta yi ƙasa da shi, da sanyi ta ɗaga shi kaɗan. Ta hana kowa tashinta don wankin hannu kawai. Ta yayyaga tsofaffin zannuwanta ta naɗe bututun ruwan zafi tun daga gindin Shofo har bakin famfo, don kada zafi ya tsere a hanya. Tukunyar gas ta riƙa daɗewa har mai sayar da gas ya zo da kansa ya duba ko sun koma wurin wani. Mai itacen unguwa kuwa ya daina gaishe su, sai dai ya ɗaga kai ya wuce da jakinsa.

Mero tana kiranta ƙawata. In ta gama wanka sai ta ɗan dafa kafaɗar nan mai tabo kafin ta fito. Shofo ba ta warkar da ita ba, ba a taɓa cewa za ta yi ba, amma ta ba ta 'yan shekaru na safiya babu hawaye. Da ciwon ya ci ƙarfinta, wata la'asar ta kira mijinta kusa, ta yi masa maganar Husna, 'yarsu tilo. Ta ce, "Malam, in Allah ya ba yarinyar ga haihuwa ba ni nan, kada ka bari ta zamna cikin hayaƙi. Ni na sha nawa, na sha nata." Ɗanmaliki ya ce, "Ba ta shan shi in ina da rai." Wannan alkawari ne ya rataya a wuyan Shofo, domin da ita ya yi niyyar cika shi.

Bayan rasuwar Mero gidan ya yi masa faɗi. Maƙwabta sun shaida ko da bazara, lokacin da ruwan tanki ke ƙona hannu, sai sun ji tak-tak-tak, bum, daga banɗakin Ɗanmaliki da asuba. Ya san Mero za ta yi faɗan ɓarnar gas, amma ba ya iya fara yini bai ji muryar ba. Yakan tsaya yana kallon tsumman zannuwan da ke naɗe a bututu, musamman wani kore mai zanen ganye da ya saya mata a Dole Kaina, sannan ya rufe famfo ya tafi kasuwa. Bai taɓa bari an canja ko ɗaya ba.

Husna ta yi aure a Matsinkai, gidan Mutawakkil. Da haihuwar fari ta matso ta dawo gidan ubanta kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya, aka samu mace, aka sa mata sunan kakarta Mero. Tunda uwa ba ta nan, Gwaggo Sabuwa ta taho daga Bahindi don wankan jego. Yayar Ɗanmaliki ce, ita ta goye shi, kuma babu mai jegon da ta bi ta hannunta ta yi ƙorafi. Wankan nan da ruwa mai zafi ake yinsa da ganyen darbejiya, safe da yamma, har kwana arba'in. A wurin Gwaggo maƙiyin mai jego ɗaya ne a duniya, shi ne sanyi. In ya samu kafa ya shiga jikin mace a kwanakin nan, ta ce, da shi za a binne ta.

Da farko ta raina Shofo. Ta nemi a girka babbar tukunya a kawo itace, Ɗanmaliki ya ƙi, karo na farko da ya taɓa musa mata. Da ta ga ruwa na fitowa da tururi babu hura wuta, sai ta sauko har tana sa wa abin albarka. Daga nan ta shiga aikinta na farautar kafofin sanyi. Ta ga sararin ƙasan ƙofa, ta yi tsaki ta danna masa buhu. Ta zagaya bayan gida shanya, ta ji ɗumi yana sauko mata a fuska daga bakin bututu. Ta tsaya ta yi lissafi irin na mace mai tattali: ga zafi yana zubewa a banza, ga kuma rami a buɗe da iska za ta bi ta sami yarinya tsirara. Ta tuna yadda Mero ta naɗe bututun ciki da tsumma, ta ce Allah sarki, ciwo ne ya hana ta gama aikin. Ta shiga ɗakin Mero ta ɗauko ragowar koren zanen nan, ta hau turmi, ta cusa shi cikin bututun da muciya har ya zauna daram. Ta sauko tana jin ta yi wa 'yar ƙanenta gata.

Rashin lafiyar marigayiya daga ranar ta fara. Wutarta ta tashi daga shuɗi ta koma ruwan ɗorawa, tana lanƙwashewa. Baƙi ya fara hawa bango a saman kanta. Bangon banɗakin ya riƙa yin gumi. Tak-tak ɗinta ya yi tsawo, bum ɗin ya koma wani fuf mai rauni, kamar tsohuwa na gyaran murya. Tsohuwar ƙira ce, ba ta da abin da zai kashe ta in hayaƙinta ya dawo ciki, don haka ta ci gaba da aiki a shaƙe. Iyakar abin da za ta iya faɗa ke nan, kuma ta faɗa safe da yamma.

Husna ta riƙa fitowa wanka da ciwon kai da jiri, wani lokaci zuciyarta na tashi. Gwaggo ta ce jego ne, ta ƙara mata kunun kanwa, ta ƙara tsawon wankan. Ita ma kanta yana sara mata duk lokacin da ta daɗe a ciki, ta ɗora laifin a kan goron Bagudo.

Ɗanmaliki ya ji canjin muryar tun daga zaure, inda ya koma da kwana. Ya gane ta yadda ya riƙa gane tarin Mero a cikin na mata goma. Amma Husna 'yar fari ce. Ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce yarinyar nan, balle ya doshi banɗakin da take wankan jego. Ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya.

"Yaya, lahiya abin ga taka ci? Na ji muryatta ta sake."

"Lahiya lau," in ji Gwaggo daga ciki. "Kai dai tahi kasuwakka. Wanga ba wurin maza na ba."

Ya ce a ransa ƙila batirin da ke tayar mata da wuta ne ya yi sanyi, in Bunyaminu ya shigo gari zai sa ya duba. Kunya aba ce mai kyau, a gidan nan aka san ta, amma a wannan makon kaɗan ya rage ta yi kisa.

Ranar Talata aka tashi da sanyi mai shiga ƙashi. Gwaggo ta kunna Shofo tun da wuri, ta ja ƙofa don ɗakin ya ɗauki ɗumi, sannan Husna ta shiga ta sa sakata, ta bar famfo yana zuba a baho. Jaririya ta farka tana neman nono. Gwaggo ta jijjiga ta, ta yi mata waƙa, ta ga wankan ya wuce yadda aka saba. Ta ƙwanƙwasa, ba a amsa ba. Ta ƙara, babu abin da ke tashi a ciki sai huuu ɗin Shofo, ruwa kuma ya jiƙa buhun yana malalowa tsakar gida. Salatin da ta saka ne ya tsayar da Ɗanmaliki, yana ɗaure kwandon kifi a kan babur.

Bai san lokacin da ya ɗauki gatarin faskare ba. Ya ɓalle sakatar, ƙofa ta buɗe, ga Husna kwance a gefen baho ba ta motsi. Gwaggo ta jefa mata zane, suka jawo ta fili. A nan ne mutanen unguwa suka ji abin da ba su taɓa ji ba, Ɗanmaliki yana kiran sunan 'yarsa da ƙarfi, "Husna! Husna!" yana jijjiga kafaɗarta yana kuka kamar yaro. Wani maƙwabci ya rufe tukunyar gas, wani ya kawo mota. Mata na ɗaukarta zuwa waje, shi kuwa ya juya ya ga Shofo a bango, fuskarta baƙi ƙirin, ƙarfenta yana hucewa yana tik, tik, tik. Maganarta ta ƙarshe ke nan. Ya ce, "Ke da nib ba amana!" Ya ɗaga gatarin ya sauke mata a ƙirji, ya sake ɗagawa ya sauke, ruwa ya tsinke daga cikinta.

A asibiti aka sa wa Husna iska, kafin azahar ta buɗe ido ta tambayi 'yarta. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta yi wa Ɗanmaliki bayani cewa duk wutar da ke ci a rufaffen wuri ba isasshiyar iska, ta gas ce ko ta gawayi, tana fitar da guba marar wari marar launi, mai kwantar da mutum kafin ya san ana yi. Ta tambaye shi ko na'urar tana da mafitar hayaƙi. Ya ce tana da ita, a gabansa aka fasa bangon. Ta ce to ya je ya duba.

Da la'asar suka zagaya bayan gida shi da Bunyaminu. Bunyaminu ya hau turmin da har yanzu ke wurin, ya zura waya ya jawo. Tsumman ya fito baƙi, ya yi tauri, amma a gefe ɗaya koren yana nan da zanen ganyensa. Ɗanmaliki ya karɓa ya riƙe da hannu biyu. Gwaggo ta leƙo, tana ganin abin da ke hannunsa ta zauna a ƙasa daɓas.

"Ni ta, Ɗanmaliki. Sanyi nika tsare mata. Wallahi sanyi nika tsare mata."

Ɗanmaliki ya durƙusa ya kama hannunta. "Tashi, Yaya. Ba a hwaɗa miki ba. Mu biyu munka sani, ɗaya ta tahi, ɗaya ya yi kunya."

Bunyaminu ya buɗe cikin marigayiya ya duba. Gatari ya raba bututun jan ƙarfen da ruwa ke zagayawa, ya murƙushe wurin da wuta ke kamawa. Ya ce ko ya liƙe ta ba zai yarda wani ɗan Adam ya rufe ƙofa da ita ba. Ɗanmaliki ya roƙe shi ya sake dubawa, ya sake dubawa, ya girgiza kai. A nan ne ya tabbata a zuciyar Ɗanmaliki cewa an toshe mata hanci, ta yi kwanaki tana kiransa yana ji, da ya zo kuma da gatari ya zo. Ya zauna a bakin banɗakin har aka kira magariba.

Saboda haka ana roƙon jama'a su janye maganar cin amana. Marigayiya ba ta cuci kowa ba. Haka kuma duk wanda ya kai wa Gwaggo Sabuwa baƙar magana, Ɗanmaliki ya ce da shi yake.

Ta rasu ta bar tukunyar gas da sauran rabi a cikinta, da baƙin tanki da har yanzu ke ɗumama ruwa da rana ba wanda zai miƙa wa, da bahon wanka, da bututun kwano a bango yana kallon bayan gida. Ta bar Husna da ranta, da jaririyar da ba za ta taɓa sanin muryarta ba. Ta bar maƙwabta masu jego da suka sha zuwa da bokiti. Ta bar Ɗanmaliki, wanda har yanzu in ya dawo sallar asuba ƙafarsa kan kai shi bakin famfo kafin ya tuna.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gwaggo ta roƙa a bar mata wankan gawar, ta goge baƙin da toka da soso har farin ya dawo. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, an karɓi wannan ba gardama. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su wahalar da kansu, ba za a ɗora ta a sikeli ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a naɗe ta da tsumman zannuwan da aka kwance daga bututu, har da koren, a kai ta ɗakin Mero a ajiye ta a kan akwatinta. Ramin bango za a bar shi a buɗe, ƙasan ƙofa ma haka. Mai zuwa ta'aziyya da ke da irin marigayiya a gidansa, ko janareta, ko kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a ja ƙofa, ya fara duba nasa kafin ya taho.

Zaman makoki kuwa kullum ne bayan sallar asuba, a bayan gida can wajen bakin kogi, domin kwanakin wankan Husna ba su cika ba kuma dole a dafa ruwa. A can Ɗanmaliki ya kafa murhu, nesa da tagar ɗakinta, inda iska ke kwashe hayaƙi ta yi kogi da shi. Ya hana Gwaggo, ya hana matan maƙwabta, shi ke durƙusawa ya hura. Jiya Husna ta fito da mafici za ta taya shi, ya ɗaga hannu tun daga nesa ya ce, "Husna, koma ciki. Uwakki ta sha nata ta sha naki. Wanda yar rage nawa na."

Ba a buƙatar goro ko hatsi. Mai niyya ya zo da busasshen itace, domin ɗanye yana sa shi tari, kuma Husna tana jiyo shi daga ɗaki.